Uwa da 'Ya'yanta: Tarihin Zanen da Ake Maimaitawa, Daga Alƙalamin Sifawa Zuwa Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wayar hannu, ko ya cika takardar neman jarrabawa a kwamfuta, ya san akwai waɗansu 'yan abubuwa da yakan yi ta cin karo da su a kowane shafi, watau maɓallin da ake dannawa, da gurbin da ake rubuta suna, da 'yar kibiyar da ke mai da mutum baya. Masu tsara fuskar manhaja ba sa sake zana waɗannan abubuwa a kowane shafi. Sau ɗaya suke zana kowannensu, su adana shi, sa'an nan su riƙa ɗauko shi suna dasawa duk inda aka bukata. A cikin wannan takarda za mu kira zanen farko da aka adana da sunan uwa, waɗanda aka ɗauko daga gare shi kuwa mu kira su 'ya'ya.

Maƙasudinmu shi ne mu bi tarihin wannan dabara, mu nuna cewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, sa'an nan mu nuna inda manhajar zamani ta saɓa wa abin da muka gada. Za mu yi haka ta hanyar yi wa kowane zamani tambaya guda: idan aka gyara uwa, mene ne makomar 'ya'yan da suka riga suka fita? Za mu fara daga ƙasar Boɗinga, inda garinmu Danchadi yake, domin a nan ne aka yi wani babban aikin kwafe littattafai a farkon ƙarni na 19.

2.0 Zamanin Hannu

2.1 Masu kwafe littattafai

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, wajajen 1810, bai koma Sakkwato ba sai 1815, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga, kusa da shi. A cikin waɗannan shekaru ne Shehu ya wallafa Tanbihul Ikhwan a 1811, Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Abdullahi kuma ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813. Daular da aka kafa tana bukatar alƙalai da limamai da hakimai masu aiki da hukunci iri ɗaya daga Gwandu har Adamawa, ga shi kuwa babu maɗaba'a. Saboda haka littafin da malami ya rubuta shi ne uwa, almajirai su zauna su kwafe shi, wani kuma ya kwafa daga kwafinsu, har abin ya kai inda mawallafi bai taɓa taka ƙafa ba. Takardar da aka fi samu a wannan ƙarni daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus.

Malamanmu sun san haɗarin da ke cikin wannan hanya. Mai kwafa yakan tsallake layi, ko ya musanya harafi, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji kuskuren ya ƙara nasa. Maganin da suka yi wa abin shi ne muƙabala, watau mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi, duk inda aka ga saɓani a gyara a gefen shafi. Ga kuma karatu a gaban malami, wanda shi ma ya karanta a gaban nasa malamin. Amma duk da wannan kiyayewa, idan mawallafi ya gyara littafinsa a Sifawa, kwafin da ya riga ya isa Bauci ko Katagum yana nan yadda yake, sai fa in wani ya ɗauki gyaran da ƙafarsa ya kai can.

A cikin rubutun Alƙur'ani ne aka fi ganin zanen da ake maimaitawa ƙarara. Akwai alamar ƙarshen aya, da kumsa a kan kowace aya ta biyar, da kuri a kan ta goma. A gefen shafi akwai zayyanar da ke nuna sumuni da rubu'i da nusufi da cikar izu, har izu 60, da kuma wuraren sujada. Haka nan launuka suna da ƙa'ida: baƙar tawada ga haruffa, ja ga wasulla, rawaya ga hamza. Almajiri bai isa ya sa alamar kuri inda kumsa ta dace ba, domin kowace tana da aikinta. Sai dai an bar masa filin nuna gwaninta a cikin zayyanar, ta yadda in aka jera Alƙur'anai goma ba za a sami biyu masu alamar izu iri ɗaya sak ba, alhali kuwa kowane gardi yana duban shafin zai gane ta. Ke nan aikin alama yana tabbata, adonta kuwa yana sauyawa. Wannan rabo tsakanin abin da ba a taɓawa da abin da aka yarda a sauya za mu sake tarar da shi a cikin manhaja.

2.2 Maɗinka da magina

Haka abin yake a wajen aikin babbar riga. Zanen da ke gaban riga tarin zanuka ne sanannu masu sunaye, irin su aska biyu da aska takwas da tambari da gidan biyar da dagi. Kafin mai allura ya sa hannu, mai zane ne ke shata su da alƙalami da tawada a jikin ƙyalle, kuma kamar yadda David Heathcote ya nuna a binciken da ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, da yawa daga masu wannan sana'a mutanen makarantar allo ne. Mai zane ba ya ƙago aska sabuwa ga kowace riga. Yana da ita a ka, abin da yake yi shi ne ya daidaita girmanta da faɗin rigar, da kuɗin mai riga, da irin zaren da za a yi aiki da shi, ko tsamiya ko auduga.

Magina su ma da sassa sanannu suke aiki: tubali da azara da bakan gizo da zanko. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a tsakanin 1834 da 1846, maimaita bakan gizo ne bisa tsari ya ba shi ƙawarsa. Dagi kuwa ya nuna yadda zane ɗaya kan yi ƙaura daga sana'a zuwa sana'a, daga riga zuwa bango, daga bango zuwa jakar dukawa, har ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello.

Amsar tambayarmu a wannan zamani ita ce, uwa tana zaune a ƙwaƙwalwar gwani ko a cikin gafakarsa, kuma da zarar 'ya ta bar hannunsa ta zama mai cin gashin kanta. Gyara ba ya bin ta, amma kuskure ma ba ya yaɗuwa da sauri, domin kowane mai kwafa yana iya ganin sa ya tsai da shi.

3.0 Zamanin Ɗab'i

Wajajen 1450 Johannes Gutenberg ya fito da dabarar zuba haruffan dalma a birnin Mainz na Jamus. Akan sassaƙa harafi a bakin ƙarfe, a buga shi a jikin tagulla ya bar gurbi, sa'an nan a riƙa zuba narkakkiyar dalma a gurbin ana fid da haruffa dubbai masu kama ɗaya. Sunan da Turawa suka ba wannan gurbi ya samo asali ne daga kalmar Latin mai ma'anar uwa, saboda haka sunan da muka zaɓa a nan yana da madogara.

Lokacin da wannan fasaha ta haɗu da harshen Hausa sai matsala ta ɓullo, domin akwatin haruffan Turawa ba shi da uwar waɗansu sautukanmu. Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fito da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Ƙamusun Bargery na 1934 ya yi amfani da ɗigo da waƙafin sama wajen bambanta waɗannan sautuka. A cikin shekarun 1930 ne, a zamanin da Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, suka sami gindin zama. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, sa'an nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai waɗannan haruffa suka shiga idon dubban masu karatu, suka zama jiki. Tarurrukan daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun ci gaba da wannan aiki, ko da yake har yanzu Nijar na rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y.

Abin lura a nan shi ne iko ya tashi daga hannun mai kwafa ya koma hannun mai uwa. Shawarar da mutane ƙalilan suka yanke a Zariya ita ta zama rubutun miliyoyi. Abin da aka riga aka buga kuwa ba ya gyaruwa. Sunan garinmu shaida ne: tun da daɗewa aka bar rubuta ch aka koma c a Hausa, amma Danchadi da Bauchi suna nan da tsohon rubutunsu a taswira da takardun hukuma. Wani misali shi ne takardun Naira. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun Naira 5 da 10 da 20 da 50 babu rubutun ajami a kansu, aka maye gurbinsa da boko cikin Hausa da Ibo da Yarbanci. Gyara ɗaya ne aka yi a farantin ɗab'i, amma ya shiga aljihun kowa, kuma ya jawo muhawarar da aka daɗe ana yi. Duk da haka tsofaffin takardun sun ci gaba da yawo har suka ƙare. Amsar tambayarmu a wannan zamani ke nan: 'ya'ya suna fitowa kamar an tsaga kara, amma gyaran uwa sai bugu na gaba.

4.0 Zamanin Manhaja

4.1 Asalin dabarar

A 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka, a kan wata manhaja da ya kira Sketchpad. Da ita mutum kan yi zane a fuskar kwamfuta da alƙalami mai aiki da haske. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, idan aka zana siffa ɗaya aka fid da kwafe-kwafenta, kwamfuta ba ta sake adana siffar, sai dai ta rubuta cewa a wuri kaza a nuna siffa kaza. Saboda haka da zarar an taɓa uwa, duk 'ya'yan sai su sauya nan take, domin dama ba su da wata siffa tasu ta kansu. An ba Sutherland lambar yabo ta Turing a 1988.

Dabarar ta shiga manhajojin zanen injiniyoyi irin su AutoCAD, wadda ta fito a 1982. Ga masu tsara fuskar manhaja kuwa, bukatar ta tsananta ne bayan yaɗuwar wayoyin shafa, lokacin da manhaja ɗaya kan ƙunshi ɗaruruwan shafuka, ga wayoyi masu girma iri-iri. Manhajar Sketch, wadda wani kamfanin Holan ya fito da ita a 2010, ta shigo da tsarin uwa da 'ya'ya a 2014. A wannan shekara ce kuma Google ya bayyana kundin ƙa'idojin zanensa mai suna Material Design. Figma, wadda Dylan Field da Evan Wallace suka kafa a 2012, ta fito ga jama'a a 2016, tana aiki a intanet, ta yadda mutane da yawa kan yi aiki a kan zane ɗaya a lokaci guda ko da suna garuruwa dabam-dabam. Darajar wannan sana'a ta bayyana a 2022, sa'ad da kamfanin Adobe ya yi tayin sayen Figma a kan Dala biliyan 20, cinikin da ya wargaje a ƙarshen 2023 saboda hukumomin Turai da Ingila masu hana babakere sun ƙi sakin hanya.

4.2 Yadda ake ƙirƙira da gyarawa

Mai zane yakan fara da zana abin, alal misali maɓalli: siffarsa da launinsa da irin harafin da za a rubuta a kansa da tazarar da ke tsakanin rubutu da gefe. Sa'an nan ya umurci manhaja ta mai da shi uwa, ya raɗa masa suna, ya ajiye a rumbun da abokan aikinsa za su riƙa ɗiba. Duk 'yar da aka dasa a wani shafi ana iya sauya mata rubutu ko launi, ta yadda wannan za ta ce Aika, waccan ta ce Soke, amma ƙirarta tana nan ɗaure da ta uwa. Wannan shi ne rabon da muka gani a zayyanar Alƙur'ani da zanen riga. Ana kuma iya tara uwaye masu dangantaka a gida ɗaya, watau maɓalli kafin a danna shi, da yayin da aka danna, da lokacin da aka hana shi aiki. Har ila yau uwa kan shiga cikin wata uwa, kamar yadda tambari da aska ke haɗuwa su ba da gaban riga.

Idan aka gyara uwa, 'ya'yan da ke cikin kundi ɗaya da ita sukan sauya nan take. Waɗanda ke wasu kundaye kuwa, sai mai rumbu ya saki gyaran, masu kundayen su sami sanarwa su karɓa. Akwai kuma damar yanke alaƙar 'ya da uwa baki ɗaya, abin da za mu kira yaye. 'Yar da aka yaye ana iya yi mata duk yadda aka so, amma daga ranar ba ta ƙara samun gyara. Da zanen ya koma manhaja ta ainihi, masu rubuta manhaja su ma bisa wannan tsari suke gina ta, saboda haka gyara ɗaya kan isa wayoyin jama'a a sabuntawa ta gaba. Gyaran da a zamanin Sifawa sai fatake sun yi tafiyar watanni da shi, yanzu yakan kewaye duniya cikin 'yan kwanaki. Kuskure ma da wannan saurin yake tafiya, kuma wanda ke riƙe da waya ba shi da gefen shafin da zai gyara.

5.0 Matsayin Hausa a Cikin Uwa

Tun da aka fara wayar salula a Nijeriya a 2001, fuskar manhaja ta zama ƙofar da manomin Danchadi da 'yar kasuwar Shagari ke bi su kai ga banki da hukuma. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa a 2013. Amma fassara kalmomi kaɗai ba ta wadatar ba idan an ƙera uwa ba tare da an tuna da Hausa ba, kuma matsalar ta kasu uku.

Ta farko ita ce ta haruffa. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu tun farkon shekarun 1990, amma ba kowane salon harafi ne aka zana masa su ba. Idan aka ɗaura wa uwa salon da ba shi da su, sai harafin ya fito a wata kama dabam, ko ya zama ɗan akwati, ko kuma mai fassara ya gaji ya zubar da lanƙwasar. Nan ne gurbin da ake nufin ya ce Ƙasa zai ce Kasa, maɓallin Ƙi ya koma Ki, Ƙara ya koma Kara. Ta biyu ita ce ta tsawo. Abin da Ingilishi ke faɗa da kalma ɗaya gajera, sau da yawa Hausa na bukatar biyu ko uku, kamar kalmar sirri ko lambar asusu, to in an ƙayyade faɗin uwa da awon Ingilishi sai a datse wa rubutunmu wutsiya. Figma ta shigo da hanyar sa uwa ta riƙa miƙewa gwargwadon rubutu a 2019, amma sai mai zane ya ga dama ya yi aiki da ita. Ta uku ita ce ta ajami, wanda ke tafiya daga dama zuwa hagu, yana bukatar a juya shafi duka har da kibiyoyinsa. A 2016 Unicode ya ƙara haruffan fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, a 2017 kuma ƙungiyar SIL ta fito da salon harafi mai suna Alkalami, wanda aka gina bisa rubutun littattafan da ake bugawa a Kano. Kayan aiki sun samu ke nan, abin da ya rage shi ne masu sa su a cikin uwa.

Mun ga wannan da idonmu a aji. Mun taɓa ba ɗalibai aikin zana manhajar rajistar yara ta makarantar firamare, suka ɗauko rumbun da aka shirya da Ingilishi suka fassara. Da suka ga harafin ƙ ya ƙi fitowa daidai, maimakon su koma ga uwa su sauya salon harafi, sai suka riƙa yaye 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Bayan mako guda aka ce a sauya launin maɓallai, aka sauya a uwa, sai rabin shafukan suka karɓa rabi suka ƙi, dole aka sake aikin daga farko. Hausawa dai sun ce gyaran gangar auzinawa, kuma irinsa ne duk gyaran da aka yi wa 'ya aka bar uwa da cutarta.

6.0 Kammalawa

Mun bi zanen da ake maimaitawa ta zamani uku. A zamanin hannu 'ya takan rabu da uwa tun ranar haihuwa. A zamanin ɗab'i takan fito da kamar uwa sak, amma gyara sai bugu na gaba. A zamanin manhaja tana ɗaure da uwa muddin ba a yaye ta ba. A kowane mataki sauri ya ƙaru, hannuwan da ke da ikon gyara kuma sun ragu.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta da na zane a kwalejojin ilmi su haɗa hannu wajen koyar da wannan fanni, suna farawa da abin da ɗalibi ya sani, watau kumsa da kuri da aska takwas, kafin a kai shi ga maɓalli. Na biyu, cibiyoyin nazarin Hausa na jami'o'inmu su jagoranci shirya rumbu na kowa da kowa, wanda uwayensa ke da salon harafi mai lanƙwasa, masu miƙewa gwargwadon rubutu, masu karɓar boko da ajami, tare da daidaitattun kalmomin da Nijeriya da Nijar suka yarda da su. Na uku, a farfaɗo da muƙabala: kada a saki gyaran uwa sai masanin harshe ya zauna da mai zane sun bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda almajiran Sifawa ke bin kwafi da asali. Haruffa masu lanƙwasa sun shiga akwatin maɗaba'a ne domin an sami waɗanda suka zauna a inda ake yanke shawara suka nemi a zuba musu uwa. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna yadda ɗalibanmu za su sami irin wannan mazauni a wurin da ake zana manhajojin da mutanenmu ke aiki da su.